Bashin karatun aikin teku ga yaranmu na Tafki: daga ina ake farawa, wa zai biya?

Alhaji Mai Jirgi, Kuseri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar yaranmu na Tafkin Chadi ce na kawo. Tun da rikicin Boko Haram ya tashi mutane daga Darak da Balangwa da tsibiran wajen Baga Sola, matuƙa jirage da yawa suna zaune a Kuseri da Marwa da Injamena, wani yana acaɓa, wani yana dako a kasuwa. Mutane ne da suka tashi a kan ruwa, sun san injin Yamaha kamar yunwar cikinsu. Ga kuma 'yan'uwanmu da suka taɓa aiki a manyan jiragen teku daga Duwala, kamfani ya karye ko mai jirgi ya yasar da su a wata tasha, suka dawo gida takardu suka mutu a akwati. Yanzu maganar da ke yawo ita ce a ci bashi a tafi makarantar aikin teku, har wasu iyaye suna shirin jinginar da gida da gona. Don Allah wanda ya san hanyar nan ya shimfiɗa mana ita: wace takarda ake fara nema, wace makaranta, kuma bashin a hannun wa?

Tsohon Bosun, Duwala:
Wa alaikumus salam Alhaji, ni tsohon bosun ne, wato shugaban ma'aikatan saman jirgi. Kafin a taɓa ko sisi na bashi, likita tukuna. Ba kowane likita ba, sai wanda hukumar sufurin ruwa ta amince da shi, don takardar asibitin unguwa ba ta shiga dosiye. Ana duba gani, da ji, da hawan jini, da ciwon suga, da ƙirji, da farfaɗiya. Takardar lafiyar shekara 2 take yi, wanda bai kai 18 ba tasa shekara 1 ce. Gwajin launi shi ne yake kayar da mutane ba zato: littafi ne mai ɗigo-ɗigo da ake kira Ishihara, a ce ka karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai tsaya gadin dare a saman jirgi ba, saboda fitilar hagu ja ce, ta dama kore, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa a cikin duhu. Wannan ba ciwo ne da magani yake warkarwa ba, da shi ake haihuwar mutum.

Na biyu kunne. Wanda ya yi shekara 15 zaune kusa da inji mai ƙarfin doki 40 babu abin toshe kunne, sau da yawa jinsa ya ragu shi bai sani ba. Gara a gano wannan da kuɗin likita kaɗai, da a gano bayan an biya makaranta.

Lauya, Ngaundere:
Ni ma a gabanin likita zan sa wani abu, Bosun. Takardar haihuwa. Mutanen da suka gudu da dare ba su ɗauko takarda ba, wasu ma ba a taɓa yi musu ba. Babu takardar haihuwa babu katin ɗan ƙasa, babu kati babu fasfo, babu fasfo babu littafin ma'aikacin ruwa, wanda a ofis ake kira livret maritime. Wanda ba a yi wa rajista yana jariri ba sai ya bi ta kotu da shaidu a yi masa hukuncin da ke maye gurbin takardar, sannan magajin gari ya rubuta. Wannan yana cin watanni. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun 2021, shekara 5 yake yi. A kula da rubutun suna: in takardar haihuwa ta ce Mahamat, kati ya ce Mohamadou, takardar makaranta ta ce Muhammad, za a mayar da dosiye. Harafi ɗaya ya isa.

Ɗan Bol, Chadi:
Baba Bosun, to shekarun da mutum ya yi yana tuƙi a Tafki fa? Ba za a lissafa masa su ba?

Tsohon Bosun, Duwala:
Ba za a lissafa ba, ɗana, kuma nan ne zuciya take karyewa. Dokar da duniya take bi sunanta STCW, an yi ta a 1978, aka gyara a 1995, aka sake gyarawa a Manila a 2010. Kwanakin da take ƙirgawa su ne na jirgin teku mai rajista, waɗanda kyaftin ya sa wa hannu da hatimi a littafinka. Tuƙin Tafki yana ba mutum ƙwarin zuciya da sanin iska, amma a takarda daga farko zai fara.

Matakin farko horon tsira ne, kashi huɗu. Akwai ceton kai a ruwa: ka yi tsalle daga sama da rigar ruwa, ka juya kwale-kwalen roba da ya kife, ka sa rigar sanyi mai rufe jiki duka, ka daɗe a saman ruwa babu riga. Akwai kashe gobara: ka san tukunyar ruwa, da ta kumfa, da ta hoda, da ta iskar CO2, da wutar da kowace take kashewa, sannan ka shiga ɗakin da ya cika da hayaƙi da tukunyar numfashi a bayanka ka fito da mutum. Akwai taimakon gaggawa, akwai ladubban zaman jirgi da kiyaye haɗari. Ana haɗawa da ɗan gajeren darasi kan tsaro, na 'yan fashin teku da masu ɓuya a jirgi. Duka sati ɗaya zuwa biyu ne. Na ruwa da na gobara kowace shekara 5 sai an sabunta.

Wannan takarda izinin hawa jirgi ce kawai, ba sana'a ba. Don ka zama mai gadin tuƙi, matakin da dokar STCW take kira II/4, sai ka yi wata 6 a teku, ko ka yi horo na musamman ka ƙara da wata 2 a teku. Daga nan zuwa cikakken matalo, wato ƙwararren ma'aikacin saman jirgi, II/5, wata 18 ne, ko 12 in ka yi horon da aka amince da shi. Hafsa kuwa, II/1, wata 12 a teku cikin tsarin makaranta da littafin horo cike, in babu makaranta wata 36. Ku lura kowane mataki yana cewa a teku. Makaranta tana sayar da aji, ba ta sayar da gurbi a jirgi. Gurbin shi ne abin wuya. Maƙwabtanmu na Najeriya sun tura ɗaruruwan matasa karatun teku a ƙasashen waje tun 2008 da kuɗin NIMASA, hukumarsu ta harkokin teku, kuma babban abin da ya riƙe da yawansu shekaru shi ne rashin jirgin da za su cika kwanakinsu. Gwamnati ke nan da aljihunta, balle talaka da bashi.

Hajiya Mai Lissafi, Marwa:
Madalla da Bosun ya kai mu nan, domin a nan bashin yake kashe mutane. A bankunanmu abin da ake kira crédit scolaire ba na ɗalibi ba ne. Na uba ne mai albashi da albashinsa yake shiga bankin, a ba shi a farkon shekarar karatu, a riƙa cira kowane wata kafin shekara ta zagayo. Wanda ba shi da albashi ƙananan bankuna yake zuwa, su kuma bashin ɗan kasuwa suka saba bayarwa, wanda ya sari kaya yau ya sayar gobe. Suna so a fara biya wata mai zuwa.

Ku jera kwanakin ku gani. Wata na farko yaro yana hanya, mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, mota zuwa Duwala, ga haya ga abinci. Ya gama horo, sai jiran littafi. Littafi ya fito, sai jiran jirgi, wanda babu mai iya cewa wata nawa ne. Ya hau, albashin farko sai ƙarshen wata. A duk tsawon nan banki yana ƙirga wata-wata yana ɗora tara. Saboda haka tambayar farko ga mai ba da bashi ba nawa ne ruwa ba, wata nawa za ku ɗaga mini kafin in fara biya. Shi ne différé. A kuma tambaya ko ruwan yana taruwa a cikin watannin ɗagawar, don yawanci yana taruwa.

Tambaya ta biyu, yaya ake lissafa ruwan. Misali, miliyan 1, kashi 2 cikin 100 a wata, wata 12. In a kan asalin kuɗin ake lissafawa kullum, ruwa 20,000 ne sau 12, wato 240,000. In a kan abin da ya rage ake lissafawa, kana rage uwar kuɗi daidai kowane wata, ruwan duka 130,000 ne. Dukansu za su ce maka kashi 2 ne. Sannan ga kuɗin dosiye, ga asirans, wato inshora, ga ajiyar dole da ake riƙewa. In an riƙe kashi 10, 900,000 ka karɓa a hannu amma ruwan miliyan kake biya. Dokar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, ta wajabta a rubuta TEG a cikin kontira, shi ne adadin da ya haɗa duk waɗannan a shekara. Da shi ake gwada banki da banki. A kuma tabbata gidan yana da izinin COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin.

Malam na Garwa:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri, lissafi ya fito sarai. Amma ba zan bari a wuce ba tare da an kira abin da sunansa ba. Kuɗi da aka ranta aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce, ko 130,000 ko 240,000. Yaron da za a tura cikin teku ya fi kowa bukatar ya fita da kuɗi mai tsarki.

Ɗan Bol, Chadi:
Allah gafarta Malam, mutumin da aka ƙone masa gari, jirginsa ya tafi, iyalinsa suna sansani, wannan ba larura ba ce?

Malam na Garwa:
Larura gaskiya ce, ɗana, kuma halin da kuke ciki ba ƙarami ba ne. Sai dai malamai suna auna ta da sharaɗi biyu: a ce babu wata ƙofa ta halal, kuma a ce abin da za a yi zai kawar da cutar tabbas ko kusa da tabbas. Bosun ya gama gaya mana takarda ba ta lamunce jirgi. Ƙofofi kuma ba a ƙwanƙwasa su duka ba. Akwai rance mai kyau daga dangi ko 'yan kasuwar gari, a mayar da abin da aka karɓa daidai. Akwai adashi. Akwai zakka, domin wanda aka kora daga dukiyarsa ya shiga cikin matalauta, kuma malamai da yawa sun halatta a ba mutum abin da zai kama sana'a da shi, ba abin cin kwana biyu kawai ba. Akwai kuma hanyar bankin Musulunci: banki ya sayi gurbin karatun daga makaranta, ya sayar wa ɗalibi a kan farashi sananne da za a biya kashi-kashi, farashin ba ya ƙaruwa don an jinkirta. Ko ta wace hanya, a rubuta. Aya ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi da shaidu ta sauka. Aya ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Masu kuɗinmu su tuna da wannan ta biyun.

Hajiya Mai Lissafi, Marwa:
Haka ne Malam. Afriland First Bank yana da tagar Musulunci, kuma tun 2022 CEMAC ta yi dokar da ke tsara irin wannan harka. Abin da zan ƙara shi ne kada mutane su ɗauka babu jingina a can. Suna neman mai tsayawa kamar kowa, kuma farashin da aka tsayar yana iya kai na ɗaya hanyar. Fa'idarsa ta fuskar lissafi ita ce ka san ƙarshen abin da ke kanka tun ranar farko.

Kafin duk wannan, ɗan Kamaru ya yi rajista a FNE, asusun samar da aiki na ƙasa, yana da ofis a Marwa da Garwa da Ngaundere, rajista kyauta ce, kuma yana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin koyon sana'a a wasu shirye-shiryensa. Ɗan Chadi ya leƙa ONAPE da FONAP. Abin da aka samu a can ya rage abin da za a ranta.

Lauya, Ngaundere:
Maganar mai tsayawa nake so iyaye su ji da kyau. Kamaru da Chadi duk dokar OHADA suke bi, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka. A dokar, wanda ya tsaya wa wani ana ɗaukarsa kamar shi ne mai bashin, sai in an rubuta akasin haka. Ma'ana yaro ya gaza, an yi masa gargaɗi bai biya ba, banki ya juyo kanka da dukan kuɗin, ba sai ya fara sayar da kayan yaron ba. Kariyar da doka ta ba ka ita ce ka rubuta da hannunka iyakar abin da ka tsaya a kai, da lamba da kalmomi. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗauka. Kada a sa hannu a takardar da aka bar gurbin adadi babu komai. Kada kuma a ba da takardar fili a kan horon sati biyu. Gidan da mata da yara suke kwana a ciki ba abin jingina ba ne a kan aikin da ba a gani ba tukuna.

Injiniya, Kiribi:
Jama'a duk kuna kallon saman jirgi. Ni ƙasa nake so a duba, ɗakin inji. Yaron Tafki da ya iya gyaran kabireta da filogi da farfela ya riga ya san sauraron inji, kuma wannan ba a koyar da shi a aji. Abin da zai ƙaro shi ne dizal: famfon mai da allurai, na'urar tace mai mai juyawa, sanyaya inji ta hanya biyu, ruwan daɗi a ciki ruwan teku a waje, tayar da babban inji da iska mai matsin bar 30, da famfon kwashe ruwan gindin jirgi wanda doka ta hana zubarwa in man da ke ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan. Takardar mai gadin inji III/4 ce, ita ma wata 6 a teku ko horo da wata 2. Ma'aunin launi a sashen inji ya fi sassauci, ban da mai aikin lantarki wanda dole ya bambance wayoyi.

Dalilina ɗaya ne. In bashi ya tafi kan walda, ko dizal, ko gyaran na'urar sanyi, ranar da jirgi bai samu ba mutum yana gyara janareta a Garwa ko tirela a Ngaundere yana biyan bashinsa. In ya tafi kan takardar sama kaɗai, babu jirgi babu komai. Kuma aikin ruwa ba tafiya Turai kawai ba ne. Tashar Kiribi ta fara aiki a 2018, akwai jiragen jan manyan jirage, da na kai matuƙan tasha, da masu ɗaure igiya. Bututun man Chadi da ya taso daga yankin Doba, kilomita 1,070, tun 2003 a Kiribi yake ƙarewa, a wani jirgin ajiya da ke tsaye a teku, kuma ƙananan jirage ne suke yi masa hidima. A Duwala akwai CNIC, ma'aikatar gyaran jirage, inda mai walda yake da daraja.

Gargaɗi ɗaya. Ana tallata wa matasa BOSIET, horon aikin rijiyoyin mai na teku, wanda ake sa mutum a akwatin da ya yi kama da helikwafta a kife shi a ruwa ya fito. Yana da tsada, shekara 4 yake yi, kuma yawanci kamfanin da ya ɗauke ka shi yake tura ka. Wanda ya ranto kuɗi ya yi shi babu aiki a hannu, kwanakin takardar suna ƙonewa yana zaune.

Tsohon Bosun, Duwala:
Na yarda da Injiniya, sai dai ɗakin inji yana neman karatun boko fiye da yadda ake zato, akwai littafin gadi da ake cikewa kowace awa, da ma'aunai. Wannan ya shafi kowa. Da yawan yaranmu allo suka yi, sun iya Hausa da Larabcin Shuwa da Kanuri, faransanci kaɗan. Jarrabawa a rubuce take, kuma harshen jiragen ƙasa da ƙasa Ingilishi ne, kamfanoni da yawa suna sa gwajin Ingilishi na Marlins kafin su ɗauka. Wata 6 na yaƙi da jahilci da Ingilishi a Marwa ya fi arha nesa ba kusa ba a kan faɗuwa jarrabawa a Duwala.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutanenmu sai sun isa: gemu. Abin rufe fuska na tukunyar numfashi sai ya manne da fata, in gashi ya shiga tsakani hayaƙi yana shiga. Kamfanoni da yawa, musamman na jiragen mai da gas, suna sharɗanta aski. Mutum ya tambayi malaminsa ya yanke shawara tun yana gida, kada sai an biya kuɗi.

Malam na Garwa:
Wannan tambaya ce ta gaske, kuma amsarta tana bin halin mutum da irin jirgin. A zo da ita a zauna, ba a zaure za a yanke wa kowa hukunci ɗaya ba.

Ɗan Bol, Chadi:
To makarantun fa? Mu a Chadi ba mu da teku.

Injiniya, Kiribi:
Na hafsoshi a yankinmu manya biyu ne. ARSTM a Abijan, ta ƙasashe masu faransanci. Sai RMU a Akara, wadda Kamaru tana cikin ƙasashen da suka mallake ta tare da irin su Gana, Gambiya, Laberiya da Saliyo. Waɗannan shekaru ake yi, kuma sai mai bakaloriya ta kimiyya ko ta fasaha. A Limbe akwai LINAFI, ta aikin ruwa da kamun kifi. Ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu suna da yawa a Duwala, kuma a nan ake yin kuskure. Ka je ofishin harkokin ruwa na ma'aikatar sufuri da sunan cibiyar, ka tambaya ko an amince mata ta koyar da wannan darasin takamaimai, don ana iya amince mata da ɗaya ba a amince da wani ba. Ka je ka ga wurin ninkaya da ɗakin hayaƙi da idonka. Wurin da ya ce ka kawo kuɗi da hoto ka dawo jibi ka karɓi takarda, kamfanin kirki yana bincika lambar takardar ya gano, a kore ka, sunanka ya ɓaci.

Kai ɗan Chadi, shiga Kamaru ba matsala da fasfonka tun da CEMAC ta cire biza a 2017. Abin da za ka nema a rubuce kafin ka biya makaranta shi ne hukumar da za ta ba ka littafin ma'aikacin ruwa da takardar ƙwarewa a matsayinka na baƙo. 'Yan Najeriya da ke sansanin Minawawo kuma hukumarsu NIMASA ce, su fara da gyara takardun ƙasarsu.

Kawu Sarkin Ruwa, Lagdo:
Ku yi mini haƙuri, ni ban gamsu a tura kowa kudu ba. Kuɗin da za a kashe a hanya da haya da takardu ya isa a haɗa wa mutum biyu jirgin katako da inji mai doki 15 da raga a Lagdo ko Maga. Injin yana nan ana ganinsa, in abu ya ɓaci a sayar a rage bashi. Takarda ba ta sayuwa. Mai shekara 40 da mata da 'ya'ya shida, a ce ya koma yaron jirgi yana goge tsatsa a ƙarƙashin sa'an ɗansa, ba kowa zai jure ba.

Hajiya Mai Lissafi, Marwa:
Kawu, ga magidanta maganarka ita ce daidai, kuma mai ba da bashi ya fi sakin jiki in akwai inji. A dai tsara biyan da sanin cewa ana rufe kamun kifi wata uku na damina, Yuli zuwa Satumba, kuma masunta sun riga sun yi yawa a ruwan. Teku a bar wa matasa masu ɗan karatu.

Tsohon Bosun, Duwala:
Saura kashi na biyu da Alhaji ya ambata, tsofaffin ma'aikata. Su kada su fara da neman bashi, su fara da neman haƙƙinsu. Yarjejeniyar MLC ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa, da gyaran da ya fara aiki a Janairun 2017, ta wajabta wa jiragen da take ɗaure su riƙe asirans na yasarwa, takardarsa a manne inda kowa zai gani. In mai jirgi ya ƙi mayar da kai gida, ko ya bar ku babu abinci da ruwa, ko ya yi wata 2 bai biya ba, an yasar da kai ke nan, asirans ɗin zai biya albashi har na wata 4 da kuɗin komawa gida. Ba ƙaramin abu ba ne, ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ta ƙirga ma'aikata 3,133 a jirage 312 da aka yasar a 2024 kaɗai. A tattara kontira, da takardun albashi, da littafi mai hatimi, da lambar IMO ta jirgin mai lamba 7, a kai wa sufeton ITF. Layin SeafarerHelp kyauta ne dare da rana. Kada a yi jinkiri, haƙƙin da albashi yake da shi a kan jirgin kansa yana da wa'adi, a ƙasashe da yawa shekara guda.

Hafsan da takardarsa ta kusa cika shekara 5 yana sabuntawa in ya nuna wata 12 a teku cikin shekarun biyar, ko wata 3 cikin wata 6 na ƙarshe. Wanda ya wuce haka sai kwas ko jarrabawa. Irin wannan bashin, na sabunta takardar mutumin da ya riga ya cika kwanaki, shi ne mafi ƙarancin haɗari a duk abin da muka tattauna. Ƙara takardar jirgin mai ko ta kwale-kwalen ceto a kan tsohon littafi yana buɗe ƙofa da kuɗi kaɗan.

Lauya, Ngaundere:
A ƙara da dillalan aiki. A MLC, ba a karɓar kuɗi daga ma'aikaci don a samo masa jirgi. Abin da ke kansa takardar likita ce, da littafi, da fasfo. Ko biza mai jirgi ne yake biya. Duk wanda ya ce a ƙara dubu ɗari biyar a cikin bashin don kuɗin gurbi, a tsaya nan. Kafin a sa hannu a shigar da lambar jirgin a shafin Equasis, kyauta ne, za a ga shekarunsa da sau nawa aka tsare shi. Kada a ce tutar Kamaru ce don haka na gida ne: tutar ta yi shekaru a baƙin jerin masu binciken tashoshin Turai, kuma Tarayyar Turai ta ba ƙasar jan kati kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a Janairun 2023. Jirage da yawa masu tutar ba su taɓa zuwa Duwala ba.

Ɗan Bol, Chadi:
Albashin nawa ne, don a san abin da za a iya biya?

Hajiya Mai Lissafi, Marwa:
A 2025, mafi ƙarancin albashin tushe da ILO, ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta tsayar wa cikakken matalo ya kasance dalar Amurka 673 a wata, wato wajen sefa 400,000, yana hawa yana sauka da canji. Wannan na mai II/5 ne a jirgin ƙasa da ƙasa. Sabon shiga yana ƙasa da haka, jiragen gaɓa da na kifi kuma suna biya yadda suka ga dama. Sannan albashin na watannin kontira ne, in ka sauka ya tsaya har ka sake hawa. Wanda ya yi wata 8 a ruwa wata 4 a gida ya raba kuɗin 8 gida 12 kafin ya ce ga abin da zai iya biya, kuma kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan.

Alhaji Mai Jirgi, Kuseri:
Allah Ya saka wa kowa. Ga abin da zan kai wa 'yan kasuwar da suka yi alkawarin sa hannu. Asusun rance babu ƙari, a rubuce da shaidu. Ba za a damƙa wa yaro kuɗi dunƙule ba: na takardu da likita tukuna, in ya wuce a biya makaranta kai tsaye a karɓi rasit, horo na gaba sai ya nuna hatimin jirgi. Mutum uku za a fara turawa, ba ashirin ba, sai sun hau a tura wasu. Hajiya, abin da ya rage mini shi ne wanda ya hau jirgi aka hana shi albashi. Yaya za a rubuta wannan?

Hajiya Mai Lissafi, Marwa:
A ɗaura biyan da shigowar albashi, Alhaji, ba da kwanan wata ba. Ma'aikacin jirgi yana da damar ya sa kamfani ya riƙa tura wani kaso na albashinsa kai tsaye zuwa asusun da ya zaɓa, sai ya cike wannan takardar da sunan asusunku ranar da ya sa hannu a kontira. Watan da kamfani bai biya ba, ya turo shaidar ƙarar da ya kai wa ITF, a dakatar da ƙirga har kuɗin ya fito. A ware kuma kuɗin motar dawowa daga Duwala zuwa Kuseri a ajiye gefe tun farko, kada a taɓa shi. Lauya ya rubuta mana sharuɗɗan da faransanci, Malam ya duba, a karanta wa iyaye da Hausa kafin kowa ya dangwala.

Lauya, Ngaundere:
Zan turo daftarin ranar Asabar in sha Allah. Alhaji, a tattaro mini sunayen ukun farko yadda suke a takardar haihuwa, harafi da harafi.